Hayar kwamfuta a gwanjo: littafin aikin rubuta kaset-kaset

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na zauna na yi lissafin da nake ta gudu tun watan Disamba. Abin da ke hannunmu shi ne sautin karatu da laccoci na awa 2,100, wanda 'yan kwamitin masallacinmu suka shafe shekara uku suna kwashewa daga kaset-kaset da faya-fayai. Ana so a mayar da shi rubutu, yadda mutum zai buga "zakkar hatsi" ya ga kaset ɗin da aka yi maganar da kuma minti na nawa. Malam yana so a ga wani abu kafin azumi, saura mako bakwai ke nan.

Aikin kashi biyu ne. Da farko sai na ƙara wa Whisper horo, wato samfurin gane magana da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022. Zan ɗauki ƙaraminsa in ciyar da shi da awa 22 da matasanmu suka rubuta da hannu, domin Hausar da ya zo da ita ba ta kai a dogara da ita ba. Bayan nan sai a bi da duk tarin ta cikinsa. Kwamfutata ba ta da GPU, wato na'urar lissafi mai sauri da irin wannan horo ke buƙata, ko tana da shi ma wutar unguwarmu ba za ta bari ba. Dole sai haya.

Na'urar da na zaɓa a AWS, sashen Amazon mai ba da hayar kwamfuta ta intanet, ita ce g4dn.xlarge, mai GPU ɗaya samfurin T4. A yankinsu na Bajiniya ta Arewa, a Amurka, kuɗinta dala 0.526 ne duk awa. Na ƙiyasta awa 90 na horo da awa 210 na rubutawa, jimla 300, wato dala 158. A farashin da nake cika katin dalata, naira 1,620, ya kama wajen naira 256,000. Abin da aka tara a asusun aikin naira 120,000 ne, dala 74.

Mafita ɗaya na gani: Spot. Kamfanin yana da rarar na'urori da babu mai haya a kansu a wannan lokacin, sai ya bayar da su da rahusa, da sharaɗin in ya buƙaci abinsa zai karɓe bayan gargaɗin minti biyu. A tallarsu sun ce ragin yana iya kaiwa kashi 90 cikin ɗari. Na duba tarihin farashi, wanda suke nunawa har na kwana 90 baya, na ga wannan na'urar tana yawo tsakanin santi 17 da 21. In haka ya ɗore, dala 57 ta isa.

Litinin, 13 ga Janairu

Na danna tayar da na'ura, aka ce ba ni da izini. Ashe sabon asusu kasonsa na na'urori masu GPU sifili ne, sai ka nema, kuma kason Spot daban yake da na haya ta yau da kullum. Da vCPU ake ƙirgawa, wato adadin ƙwaƙwalwar lissafi da ke cikin na'ura. Xlarge ɗaya tana cin huɗu. Na nemi 16, na rubuta bayanin aikin dalla-dalla.

Kafin su amsa na matse sautin. Yadda yake a MP3 ya kai gigabait 60. Tunda Whisper a kan 16 kHz yake saurare, na mayar da komai Opus, wani tsarin matse sauti, mai layi ɗaya, ya dawo gigabait 23. A kunnena ban ji bambanci ba, kaset ɗin 1994 dama shuuu ɗinsa ya fi muryar yawa.

Laraba, 15 ga Janairu

An ba ni 16 ɗin. Dare biyu ina tura sauti zuwa S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, bayan ƙarfe ɗaya, lokacin da intanet ke sakin jiki. Ajiyarsa santi 53 ne a wata.

Ƙanena ya ce me ya sa ban ɗauki na kusa ba, tunda akwai yankin Kef Tawun da aka buɗe a 2020, akwai kuma ƙaramar shiyya a Legas. Kusanci yana da amfani ga wanda ke jiran amsa nan take. Ni kuwa aiki zan ba na'ura in tafi in kwanta, ko a duniyar wata take ba ruwana. Bajiniya ta fi araha, ta fi yawan na'urori.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau na yi tayi irin na 'yan gwanjo, na kuma sha kunya.

Duk bayanan da na karanta sun nuna cewa dabarar tana cikin tayi: ka sa kuɗi kaɗan sama da farashin da ake ciki, ka ci ribar. Farashi na santi 17.1, na sa iyakata a 17.3, ina jin kaina kamar wanda ya ƙure dillali a Kantin Kwari. Minti arba'in da tashin na'ura ta ɓace. A shafin buƙata, wato takardar neman na'urar Spot da na shigar, aka rubuta instance-terminated-by-price, ma'ana farashi ne ya kashe ta. Farashi ya ɗan motsa zuwa 17.6, shi ke nan.

Sai da na koma takardun kamfanin na yanzu na gane cewa tsofaffin darussa nake bi. Da aka fara Spot a Disamba 2009 gwanjo ne na gaske. Kowa ya sa tayinsa, farashi ya hau ya sauka bisa tayin mutane, wani lokaci ya yi tsalle ya wuce kuɗin haya ta yau da kullum, ya watsar da duk wanda tayinsa ya gaza. A ƙarshen 2017 suka sauya tsarin. Yanzu kamfanin ne ke tsayar da farashi bisa yadda buƙata da wadata ke tafiya a dogon lokaci, yana motsi a hankali. Akwatin da na cika ba ya saya mini fifiko a kan kowa, kuma ba ya rage mini ko sisi: farashin da ake ciki shi zan biya ko na sa santi 18 ko na sa dala ɗaya. Aikinsa kawai ya ce "in ya wuce nan, a kashe". In ka bar shi babu komai, iyakar takan zama kuɗin haya ta yau da kullum. Su da kansu sun rubuta cewa mai sa iyaka ya fi yawan fuskantar katsewa.

Wato na je kasuwar da aka daina ciniki shekara bakwai da suka wuce ina ta "albarka". Na goge iyakar. Abin daɗi ɗaya: in su suka katse na'urar Linux a cikin awar farko ba sa cajin wannan lokacin, don haka darasin kyauta na same shi.

Don tsoron asara na cire alamar da ke sa a goge babban faifai idan na'ura ta mutu.

Asabar, 18 ga Janairu

Awa goma sha ɗaya sun tafi.

Na tayar da horon farko jiya bayan sallar isha'i, mataki 4,000, wanda zai ɗauki wajen awa 15. Na kwanta yana tafiya lafiya. Da asuba na leƙa, yana kan mataki na 2,300, kuskure yana ta sauka. Na je ɗaurin aure, na dawo wajen ƙarfe goma, babu na'ura. Wannan karon instance-terminated-no-capacity: masu biyan cikakken kuɗi sun zo, an karɓi abin aro. Wannan ba abin ƙorafi ba ne, sharaɗin da na sa hannu a kai ke nan.

Ban damu ba da farko, domin na sa shirin yana ajiye zango duk mataki 500, wato hoton inda horo ya kai, wanda za a iya ɗorawa daga kansa. Na haɗa faifan da na hana a goge da wata na'ura, na buɗe. Fayau. Sai a lokacin na tuna inda na ce a riƙa ajiyewa. Ita g4dn.xlarge tana zuwa da wani faifai na cikin jikinta, gigabait 125, mai sauri ƙwarai, kuma saboda saurin na tura komai can. Wannan faifan tare da na'urar yake mutuwa. Na kulle ɗakin da babu kaya, na bar kayan a tsakar gida.

A kuɗi dala biyu ce da 'yan kai. Abin da ya fi ciwo kwana guda da ya tafi a banza.

Lahadi, 19 ga Janairu

Gyara uku. Zango yanzu duk mataki 100, kusan kowane minti 22, kuma da an ajiye sai a tura S3, a bar biyu na ƙarshe kawai. Na biyu, da na'ura ta tashi tana duba S3 da kanta, in ta ga zango ta ɗora daga nan ba tare da na taɓa komai ba. Na uku, wani ɗan shiri da ke leƙa adireshin cikin gida 169.254.169.254 duk daƙiƙa biyar yana tambayar spot/instance-action. Muddin babu labarin karɓe na'ura, 404 yake samu, wato "babu komai". Ranar da ya samu amsa, saura minti biyu.

Na mayar da buƙatar mai ɗorewa, yadda in an karɓe na'ura za a tayar mini da wata da zarar an samu sarari.

Google da Microsoft su ma suna da irin wannan haya, amma gargaɗinsu daƙiƙa 30 ne. Minti biyun nan har na fara ganinsa da yawa.

Talata, 21 ga Janairu

Horo ya kammala, babu katsewa. Sakamako da dama-dama. Yana cin ƙ da ɗ, yana rubuta "kasa" a inda aka ce "ƙasa".

Laraba, 22 ga Janairu

Horo na biyu, an katse a mataki na 1,870 da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Sabuwar na'ura ta tashi bayan minti tara, ta ɗauko zango, ta faɗi. Ta sake gwadawa, ta sake faɗi. Ina wurin aiki, a waya nake kallo, ba abin da zan iya.

Da daddare na gano dalili. Zango ɗaya kusan gigabait 3 ne, domin ban da nauyin samfurin akwai bayanan da mai daidaita horo ke riƙewa, waɗanda suka ninka shi biyu. Da gargaɗi ya zo, ɗan shirina ya ce a ajiye sabon zango a tura. Ajiyewa ta ci lokaci, turawa ta yi nisa, wuta ta ɗauke saura fayil ɗaya. Sabuwar na'ura ta ga babban fayil mai lamba mafi girma ta ɗauka cikakke ne.

Yanzu bayan an gama tura komai sai a rubuta wani ɗan fayil mai suna an-gama. Zangon da ba shi da wannan, a tsallake shi a koma na baya. Na kuma daina ƙoƙarin ajiye sabon zango a cikin minti biyun. In gargaɗi ya zo, a rubuta lokaci da mataki a rajista, a ƙarasa abin da ake turawa, a haƙura. Mafi munin asara minti 22 ce, santi bakwai. Ban ga dalilin yin tsere da agogo a kan santi bakwai ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na uku ya gama da azahar. Na gyara rubutun horon, ƙ da ɗ sun fara zama. Na kashe na'ura ƙarfe uku, mun kama hanyar Haɗejiya biki.

Lahadi, 26 ga Janairu

Inna lillahi. Ƙarfe takwas na safe na buɗe shafin kuɗi a waya don in ga inda muka kwana, na ga adadi yana tafiya. Na'ura tana kunne. Tun ranar Juma'a.

Na kashe ta, wallahi na kashe ta. Abin da ban yi ba shi ne soke buƙatar. Buƙata mai ɗorewa ba ta san bambancin "an karɓe" da "mai ita ya kashe" ba. Da ta ga babu na'ura sai ta koma buɗe, aka tayar da wata. Ita kuma ta duba S3, ta ga horo ya riga ya ƙare, ta zauna tana kallon bango awa 41. Dala 7.80. A takardunsu an rubuta ƙarara: a fara soke buƙata, sannan a kashe na'ura. Na karanta wurin, ban riƙe ba.

Ina cikin wannan na leƙa sashen faya-fayai. Guda biyar, kowanne gigabait 100, ba wanda ke haɗe da komai. Alamar nan da na cire ranar 16 ga wata ce: duk na'urar da ta mutu sai ta bar faifanta a baya. Faifai ba ya shiga rahusar Spot, santi 8 ne kowane gigabait a wata ko ana amfani da shi ko ba a yi, dala 8 ke nan kowanne. Sun ci wajen dala 9 kafin in gani. A tsakar gidan biki, ana ta guɗa, ni ina gefen rijiya ina goge faya-fayai da yatsa ɗaya.

Kusan dala 17 a banza, fiye da duk abin da horo uku suka ci. Na mayar da alamar gogewa, na sa ƙararrawar kasafi ta turo saƙo a dala 40 da 55 da 65, na kuma ƙara layi a ƙarshen shirin: in babu aiki, ya soke buƙatarsa ya kashe kansa.

Talata, 28 ga Janairu

Na kai wa ma'aji bayani bayan magariba. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"To Injiniya, wato ka yi hayar shago ka tafi biki ka bar fitila a kunne."

"Haka ne, Alhaji. Ni zan cike."

"A'a, bari a ga ƙarshe tukuna. Amma ka ce mini kashi casa'in."

Na ce su suka ce yana iya kaiwa casa'in, a kan wasu na'urorin da ba a rububinsu. Masu GPU kowa nema yake, namu ragin bai wuce kashi 60 da wani abu ba. Ya ce in riƙa faɗin na biyun tun farko.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Horo na huɗu shi zan riƙe. An katse shi sau biyu, ya tashi da kansa sau biyu, da safe kawai na gani a rajista. Jimlar awannin horo 71, dala 13.50. Ba zan yi na biyar da na shida ba, kuɗin ya tafi Haɗejiya.

Kashi na biyu ya fi dacewa da Spot nesa ba kusa ba. Na yanka sautin gunduwa-gunduwa na rabin awa, guda 4,200, na zuba sunayensu a SQS, layin jiran saƙonni na AWS. Kowace na'ura ta ɗauki ɗaya, ta rubuta, ta ajiye a S3, ta goge sunan daga layi, ta ɗauki na gaba. In an karɓe ta a tsakiya, sunan zai dawo layi wata ta ɗauka. Asarar ba ta kai minti uku ba.

Na bar buƙata mai ɗorewa, na koma rukunin Auto Scaling, wanda ke tayar da na'urori da kansa ya maye gurbin wadda aka karɓe. Na ba shi nau'i uku ya zaɓa, g4dn.xlarge da g4dn.2xlarge da g5.xlarge, a duk shiyyoyin yankin da ke da su, da tsarin price-capacity-optimized, wanda ke duba araha tare da inda rara ta fi yawa. Kowane nau'i a kowace shiyya tafkinsa daban, farashinsa daban. Wanda ya nace wa nau'i ɗaya a shiyya ɗaya, kamar yadda na yi makon farko, shi ake fara kora.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gwajin farko, na'ura huɗu, awa uku da rabi. Ya kamata su rubuta sautin awa 150, na tarar da 40.

In na'ura ta ɗauki saƙo a SQS, ana ɓoye shi na ɗan lokaci don kada wata ta ɗauka. In ba ka sauya ba, daƙiƙa 30 ne. Gunduwa ɗaya tana cin kusan minti uku. Don haka kafin ta farko ta gama, saƙon ya sake bayyana, ta biyu ta ɗauka, ta uku ma haka. Su huɗu suna ta rubuta karatu ɗaya kamar 'yan makarantar allo. Na mayar da shi minti 15, na kuma sa kowace ta fara duba ko rubutun yana S3 kafin ta fara. Wajen dala biyu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Lafiya lau. Saura 2,600 a layi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An karɓi na'urori sau biyar yau, huɗu daga ciki tsakanin ƙarfe uku na yamma da tara na dare. Bajiniya tana bayanmu da awa shida a wannan lokacin, wato daidai safiyarsu zuwa la'asar ɗinsu. Kwana ɗaya ba ya zama hujja, amma katsewar ranar 22 ma da yamma ce. Ko ma mene ne, ban yi komai ba, layi ya ci gaba da raguwa. Sau biyu rukunin ya kawo g5, wadda ta fi tsada amma ta fi sauri, a kan kowace gunduwa kusan kunnen doki suke.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Saura 11 suka ƙi ƙarewa. Fayiloli ne da suka lalace tun wurin kwafa, kowace na'ura ta ɗauka sai ta faɗi, saƙon ya dawo, rukunin kuma yana riƙe da na'urori saboda layi bai zama fanko ba. Na lura da wuri wannan karon, ƙararrawar dala 65 ta riga ta sa ni zama kusa. Na sa duk saƙon da aka ɗauka sau uku bai yiwu ba a tura shi wani layi na gefe. Na mayar da rukunin sifili, na bi shafi-shafi na tabbatar: babu na'ura, babu buƙata, babu faifai.

Na karanta rubutu goma da ka. Inda Malam ke bayani da Hausa ana fahimta sosai. Inda ya ja aya ko hadisi da Larabci, abin ya zama shirme, wani wurin ma sai ya kama jimla ɗaya ya yi ta maimaitawa har shiru ya wuce. Ga nema dai zai yi. Ba za a buga shi a matsayin maganar Malam ba sai mutum ya bi ya gyara, na kuma faɗa wa kwamiti haka.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Lissafi. Horo awa 71, dala 13.50. Rubutawa awa 205, dala 43. Faya-fayan da aka yi aiki da su 3.50. Adireshin intanet na na'ura, IPv4, wanda tun Fabrairun 2024 ake cajin rabin santi duk awa, 1.60. S3 1.50. Na'urar da ta kwana biyu a kunne 7.80, faya-fayan da aka manta 9. Jimla dala 80, naira 129,600.

Da haya ta yau da kullum na yi, awa 276 ɗin da sauran tarkacen za su kai dala 151. Ragin da muka samu a zahiri kashi 47 ne. Ba don Haɗejiya ba da dala 63 ne, ragin kashi 58.

Na tura wa ma'aji naira 9,600 na cikon. Ya dawo mini da ita, ya ce in sayi data.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Rubutun duka bai kai megabait 200 ba, na sauke shi ba tare da an caje ni ba, tunda gigabait 100 na farko a wata kyauta ne. Na goge zangunan horo, na bar samfurin ƙarshe da sautin.

Abin da ya rage kafin azumi shi ne shafin nema. Wannan dole ya zauna a kunne dare da rana, don haka ba zai hau Spot ba, ƙaramar na'ura ta wata-wata zan nema. Fayiloli 11 ɗin nan kuma sai an koma kaset ɗinsu na asali. Ƙanena ya ce ya ga bakwai a kwalin da ke saman durowar ofishin masallaci, zai kawo ranar Asabar in mai riƙe da makulli ya dawo daga Zariya.